Shekarar da Bangon Gabas Ya Yi Gumi

Da muna yara, ruwa a kafaɗar mutum yake shigowa gidan nan. Mai ga-ruwa ya yi sallama a zaure, ya zuba a randa, uwarmu ta rufe da faifai, kowa ya san iyakar abin da ke ciki. Wanda ya yi wanka yana ganin ruwansa yana bin rariya har waje, rana ta shanye shi. Salga kuwa tana can ƙuryar gida, rami ne da murfi, kuma a bakin manya ba ta da wani suna sai "baya". Yanzu ruwa a ɓoye yake shigowa, a ɓoye yake fita, ta ƙarƙashin ƙasa da gindin bango, kuma kowace gaɓa ta hanyarsa da sunanta. Ku da kuka tashi kuka tarar da robine, wato famfo, a tsakar gida ba za ku ga wani abin mamaki a nan ba. Ni ma ban san sunayen nan suna da amfani ga mai gida ba, sai shekarar da bangon gabas na ɗakin mahaifina ya fara gumi.

Abin da ya sa nake rubuta wannan, ƴaƴana, shi ne maganar da ta daɗe tana yawo a tsakaninku, wai Sidi, mijin ƙanwarku Mariama, ya sa mana tiyo, wato bututun ruwa, marar kyau har bangon ya lalace. Ba haka aka yi ba. Shi ba zai taɓa faɗa muku ba, don haka dole ni in faɗa, ko da yake alƙalamin ma nauyi yake yi mini.

Kun san na yi yawo. Na yi shekaru ina shofer na kamiyo, babbar motar kaya, tsakanin Agadas, Dirku da Sabha, daga baya na koma ja-gora da tafinta ga Turawa masu zuwa kallon hamada. Hausa ta gidan uba ce, Tamashek na sha a nono, Larabci na tsinta a Libiya da Aljeriya, Faransanci kuma a bakin baƙi. Na ga yadda kowace al'umma ke ɗaukar wannan buƙata da Allah ya ɗora wa ɗan Adam. A Faransa, wani da ya gayyace ni gidansa ya nuna mini makewayi tun kafin ya ba ni ruwan sha, yana bayani da hannu kamar mai nuna sabuwar mota. A Sabha mun zauna mu da yawa a gida ɗaya, ana buga wa juna ƙofa ana zagi, ba mai jin komai. A hamadar Tenere kuwa mutum ya tashi ya bi bayan tudun yashi, duk ayari ya zama makaho, in ya dawo ba wanda ya ga ya tafi. Wannan ta ƙarshe ita ce tarbiyyar da ta zauna a jikina. Sai kuma ta ruwa. Wanda ya taɓa zama a inuwar kamiyo da ya mutu, ana raba ruwa a murfin bido, wato jarka, ba ya sake kallon ruwa kamar sauran mutane har ya koma ga Allah.

Da gwiwoyina suka fara ƙin tsuguno, ban gaya wa kowa ba, amma mahaifiyarku Hajiya Gaisha ta gani, ta gaya wa Mariama, Mariama ta gaya wa mijinta. Sidi mutum ne da ya yi lakwal, wato makarantar koyon sana'a, yana da shagonsa da yaransa, aikin ruwa na manyan gidaje yake yi. Ya jira har na tafi Ingal gaisuwar mutuwa, ya zo ya gina mini ɗan makewayi a bayan ɗakin mahaifina, inda nake kwana nake salla, da masai na zama irin na Turawa. Ya zaɓi lokacin ne don kada in gode masa ido da ido. A lokacin ko sunansa ba na kira. In ya zo gaisuwa yakan tuɓe takalmi tun daga waje, ya tsuguna a bakin zaure ya kau da fuska, ni kuma in ja rawani in rufe baki. Mu tambayi lafiya, mu tambayi zafi, shi ke nan. Haka na yi da surukina, haka ubana ya yi da nasa, kuma ban taɓa jin abin ya takura ni ba. Girma ne muke ba juna.

Ranar da na dawo na fara jan shas, wato ɗan tankin da ke sakin ruwa ya wanke masai, sai na tsaya kamar wanda aka mara. Ruwa mai kyau, wanda za a iya sha, ya fi guga, ya tafi cikin ƙiftawar ido. Ga kuma ruri, wanda na tabbata an ji har madafa. A daidai shekarar ne kuma ciwon tsofaffin maza ya same ni, wanda ke sa mutum zarya dare da rana. Na yi tunanin jikokina a tsakar gida suna jin rurin nan suna sanin sau nawa kakansu ya shiga. Sai na daina ja. Ƙaramar buƙata ko babba, ɗan ruwan buta nake zubawa a hankali, har abin ya ɓace wa idona, in rufe murfi in fito. A raina ina ganin na tsare ruwa, na tsare mutunci.

Bayan wasu watanni, ina zaune a kan buzun salla, na ga gindin bangon gabas ya yi duhu. Na taɓa, na ji sanyi. Bangon nan mahaifina ne ya yaɓe shi da hannunsa, har sawun yatsunsa na nan a jikin laka, kuma a ƴar tagar da ke jikinsa Alƙur'aninsa yake. Kun san gidan ƙasa: rana ba ta kashe shi, iska ba ta kashe shi, amma in ƙafarsa ta jiƙe kwanansa ya ƙare. Na ce wa mahaifiyarku bango na gumi. Ta gaya wa Mariama, Mariama ta gaya wa mijinta. Ya zo lokacin da ya san ina masallaci, ya canja robine. Gumin ya ƙara hawa. Ya sake zuwa, ya buɗe tanki ya canja wani abu a ciki. Ya hau soro ya duba indararo. Duk zuwan da zai yi yakan tarar na wanke wurin fes, na sa turare, ba abin da zai nuna masa komai. Daga baya ya aiko da tambaya ta bakin matarsa, ko ruwan masai na sauka da sauri ko yana jinkiri. Mariama ta kawo tambayar har wajen uwarta ta ajiye, ta ce ita ba za ta iya ƙarasa da ita ba. Mahaifiyarku ta same ni ina shan shayi.

"Alhaji, yaron nan tambaya yake. Ruwan na sauka ko ba ya sauka?"

"Ki ce masa bango ne ke gumi."

"Bango ya ji. Sauran yake tambaya."

"To me zan ce? A ɗauki maganar bayan gidana a kai wa ƴata, ta kai wa mijinta?"

"Kai da ka yi wa Bature tafintar gudawarsa a gaban lokotoro a asibiti, har da launinta. Kai ka ba ni labari kana dariya."

"Wannan cikin Bature ne."

Ta dube ni, ta kwashe kofuna ta fita. Gaskiya ta faɗa. Harsuna huɗu a bakina, amma duk wanda na ɗauko don in faɗi abin, sai in ji ya yi mini tsirara. Hausa ta yi kusa da jiki. Tamashek ba ta ma yarda a fara. Larabci na ga harshen salla ne. Faransancin da na sani kuma na marasa lafiya ne da na ƴan gareji, ko dai ƙazanta ko batsa.

Ana nan, gizagizai suka fara taruwa a kan duwatsun Ayar, gumin ya kai tsayin gwiwa, wari kuma ya fara fin ƙarfin turare. Yayata Tamo, wadda ta girme ni kuma take ganin ɗakin nan kamar kabarin ubanmu, ta zo ta shinshina ta ce aikin yaran zamani ke nan, a kira wani. Yayanku Bubakar ya kira daga Arlit ya faɗi irin haka. Amma in na kira wani mai aikin ruwa ya shigo gidan nan da kayansa, kafin magariba duk unguwa ta ji cewa surukin Sidi ma bai yarda da aikinsa ba. Mutumin da ya yi mini alheri ba tare da ya bari na gode ba.

Sai na hau kabu-kabu na tafi unguwar Dagmanet, nesa da idon unguwa, wajen Sumana. Bazabarme ne, shi ne aparantina, yaron motata, shekarun da muke hanyar Dirku, yanzu ya tsufa a shagon kayan gini. Tsakaninmu wasa ne tun na kakanni, ba ya jin nauyina ko kaɗan.

"Buzu, me ya kawo ka shagon ruwa? Ku da ruwa ai sai a mafarki."

"Maƙwabcina ne bangonsa ke gumi."

"Allah sarki. Maƙwabcin nan, gwiwarsa ma na ciwo irin taka?"

Na ja rawani. Ya yi dariya har ya yi tari, ya kori yaron shagon ya ce ya je ya sayo ƙanƙara, sa'an nan ya fara ɗebo kaya yana jerawa a kan tabur. Ya ce ruwan gida hanya biyu gare shi, ta shiga da ta fita, kuma mai gidan da bai raba su a kansa ba zai yi ta aika mai gyara inda ba ciwo. Hanyar shiga tana farawa daga kontar, agogon nan da ke ƙirga ruwa a ƙofar gida, kusa da shi akwai ban, makunnin da ke tsayar da ruwan gida duka. Wannan ruwan mai tsabta ne, kuma da ƙarfinsa yake tafiya. Hanyar fita kuwa ba ta da ƙarfin kanta, gangara kawai take bi, gangaren da ake ce wa pant. Ya ɗaga wani lanƙwasasshen abu ya ce sifon ke nan, ɗan ruwa ke kwana a cikinsa kullum don ya tare wari. Ya ɗaga wani ya ce kud, gwiwar tiyo, inda hanya ke karya kwana. Ya miƙo mini zoben roba ya ce juwan, shi ke toshe tsakanin gaɓa da gaɓa. A waje kuma, bakin titi, akwai ɗan rami mai murfi, rogar, inda ake leƙawa a ga ko abin da ya fito daga gida ya iso.

"Faɗe su in ji," in ji shi.

Na faɗa, ɗaya bayan ɗaya, kamar ɗan makarantar allo.

"To, ka ji wari a bakinka?"

Ban ji ba. A nan na fara gane abin da ya ba ni. Kalmomi ne da ba su taɓa jikin kowa ba. Mutum zai iya faɗinsu a gaban liman.

Yana mayar da kayan cikin kwali yake ƙara bayani, ba tare da ya dube ni ba. Ya ce mutanenmu da yawa suna ganin shas almubazzaranci ne, alhali shi ne injin hanyar fita.

"Ka taɓa haye tudun yashi da rabin gudu, shofer? Lodi ya tsaya a tsakiya, na baya ya zo ya tarar da shi. Haka kud yake. In ruwa bai zo da ƙarfi a tare ba, nan kaya ke sauka. Ya cika, ya koma baya, ya nemi juwan mai rauni ya fita ta nan."

Ya koya mini gwaji biyu, ya ce in na ga dama yana da wani yaro amintacce a nan Dagmanet da zai zo ya yi aikin ba wanda ya sani. Na ce zan yi tunani.

Washegari da rana tsaka, lokacin da zafi ya kori kowa daga titi, na bi na rufe kowane robine, na je na tsaya a kan kontar. Ƴar allurarsa ba ta motsa ba. Ke nan hanyar shiga lafiya take. Na koma na cika guga na juye a masai, na ga ruwan ya taso yana tsaye kamar mai shawara, na fita da sandata na ɗaga murfin rogar. A bushe yake, sai ƴar tsiyaya. Ina durƙushe a kan ramin nan wata maƙwabciya ta ɓullo daga lungu da tire a ka. Ta ce sannu da hutawa Alhaji, ta wuce tana kallon sama. Na gode mata a raina, amma da ƙasa ta buɗe da na shiga. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne sanin irin ruwan da ke cikin bangon. Watanni ina kai goshina ƙasa a gabansa. Na shiga na ɗauke Alƙur'anin mahaifina daga tagar, na naɗe buzun na ba da a wanke, na zauna a zaure ban iya cin abincin rana ba.

Da la'asar na ce wa mahaifiyarku ta aika a kira mini mijin Mariama, kuma a ce masa ina gida, ni nake kiransa. Ta tsaya da tsintsiya a hannu ta dube ni, sa'an nan ta yafa mayafi ta tafi da kanta.

Ya zo, ya tuɓe takalmi a waje, ya tsuguna inda ya saba. Muka tambayi lafiya, muka tambayi zafi. Da gaisuwa ta ƙare, inda ya saba tashi, sai na ci gaba, ina kallon ƙofa, shi yana kallon ƙasa.

"Na rufe robine duka, kontar bai motsa ba. Na zuba guga, bai iso rogar ba. Ina jin kud ɗin da ke gindin bango ya toshe, juwan ya saki."

Ya ɗago kai kaɗan ya mayar. Na ga gumi a wuyansa, na gane ashe nauyin da nake ji shi ma yana ɗauke da irinsa tun watanni.

"Haka ne, Baba. In haka ne, pant ɗin ne bai isa ba. Ni na auna shi. Kuskurena ne, a yi haƙuri."

Ga ƙofa ya buɗe mini. Da na yi shiru, da ya tone ya gyara, ya ɗauki laifin ya tafi da shi gida, kuma na san ya san pant ɗinsa daidai yake.

"Pant ɗinka lafiya lau. Shas ne."

"Ya lalace ne, Baba?"

"Yana aiki. Ni ne ba na ja. Tun farko, buta nake zubawa."

Akuya ta leƙo zaure ta koma. Da na tsaya a nan ma ya isa, amma na ga in ban ƙarasa ba gobe ma haka za a koma.

"Ruwan ya yi mini yawa a ido. Kuma yana da ƙara. Ni kuwa yanzu ina yawan shiga."

Wannan jimla ta ƙarshe ba ta da sifon ba ta da kud, Hausa ce tsirararta, kuma a gaban mijin ƴata na faɗe ta. Bai ɗago ba. Ya daɗe yana murza bakin tabarma, sa'an nan ya ce akwai shas mai maɓalli biyu, ƙarami da babba, wanda ba ya cin ruwa sosai kuma ba ya ruri, zai sa mini. Ya ƙara da cewa mahaifinsa ma ya yi irin wannan zaryar kafin a kai shi likita, kuma an dace da magani. In na yarda, shi zai kai ni da motarsa, ba sai kowa ya sani ba. Na ce, "To, Sidi." Ranar na fara kiran sunansa.

Da kansa ya yi tonon, bai kawo yaransa ba. Ya tare ɗakin da gumagumai, magina suka sare gindin bangon da ya ruɓe suka zubar can bayan gari, suka sake ɗaure shi da dutse. Ruwan farko ya sauka aikin bai gama bushewa ba, amma bangon ya tsaya. Sawun yatsun mahaifina na ƙasa duk sun tafi da ruɓaɓɓiyar lakar, sai na sama suka rage. Yaya Tamo ta zo ta ga gyaran, ta kuma ji cewa an gan ni a gaban mota kusa da surukina muna hira, ta ce na zubar da abin da iyayenmu suka bar mana. Har ta rasu ba ta sake zama a ɗakin ba, a tsakar gida muke gaisawa. Ban yi mata musu ba, don wani ɓangare na maganarta gaskiya ne. Akwai wani girma da ke cikin nisan nan na da, wanda ba ya dawowa bayan mutum ya riƙe maka takardar lokotoro ya jira ka a bakin ƙofa. Mahaifiyarku kuwa, da na ba ta labarin duka, cewa ta yi ai ta daɗe da sani.

"Wata nawa ban ji rurin abin nan ba, Alhaji. Na zaci kunnena ne, sai na ga butarka ba ta hutawa."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Ni ma ɗiyar mutane ce."

To kun ji yadda aka yi. Tiyon Sidi ba shi da aibi, wanda ya sa tun farko shi ne a ƙasa har yau, kud ɗaya da juwan ɗaya kawai aka canja. Duk wanda ya gina gida a cikinku ya san inda ban ɗinsa yake, ya san rogar ɗinsa, ya iya sunayen nan tun bai buƙace su ba. Daga gwiwa zuwa ƙasa, bangon gabas ba na mahaifina ba ne yanzu. Sidi ba ya tsugunawa a bakin zaure, yana shigowa ya zauna a tabarmata mu sha shayi, ina kiran sunansa yana amsawa. Kuma duk lokacin da na shiga, ina danna shas, ko akwai mutane a tsakar gida ko babu.